Koren Ƙyalle a Bayan Lauya

Ban iya karatu ba, amma na san ɗinkina. Shekara arba'in ina kan keke, ko cikin kayan mutum dubu aka jefa abin da na ɗinka zan tsamo shi. Shi ya sa ranar Litinin ɗin nan da yamma, da na ɗaga kai na kalli talabijin, allura ta shige mini yatsa ban ma ji ba.

Lauyan ne a ciki. Yana zaune kan kujerarsa mai juyi, ya sha kwat, wuya ya yi kauri, yana nuna mutane da biro yana faɗin abin da ya saba faɗa a kowane shiri: "Ku riƙe takardunku, jama'a!" Ni ba kallonsa nake yi ba. 'Yata ce take kunnawa, ni kuwa in na ji muryarsa juya baya nake yi. Ranar dai Allah ya sa na ɗaga ido. A bayansa akwai kanta cike da tsofaffin fayil-fayil, an jera su don mai kallo ya ce lallai wannan ya sha shari'a. Daidai saman kafaɗarsa ta hagu akwai guda ɗaya da aka ɗaure da koren ƙyalle, bakinsa an bi shi da jan zare.

Na ce, "Ke, tsayar da shi!"

'Yata ta ce, "Inna, ai ba a tsayarwa, kai tsaye ne."

"To ɗauke shi a waya, kafin ya motsa ƙaton kansa ya rufe."

Ta ɗauka, ta buɗa hoton da yatsu biyu ta miƙo mini. Ga ɗinkin nan, tafiya biyu, ta biyun ta ɗan karkace inda zare ya ƙare mini na ƙulla wani. Ni na yi shi. Na ce, "Fayil ɗina ne. Wanda ya ce ruwa ya cinye."

Ga yadda abin yake. Shekara ɗaya kafin maigidana ya rasu, ya sa aka rubuta takarda cewa gidan da muke ciki ya ba ni kyauta. Ya dangwala babban yatsansa, shaidu biyu suka sa hannu. Ya san halin ƙaninsa, shi ya sa. Ko wata uku ba a yi da binne shi ba ƙanin ya maka ni a kotu, wai gidan na gado ne. Na ɗauki takardar na kai wa wannan lauya.

A lokacin ba kowa ba ne. Ofishinsa ɗaki ɗaya ne a saman shagon masu faci, fankarsa tana juyi tana kuka ba ta ba da iska, in ka zauna kan bencinsa sai ka tokare da ƙafa don kada ya kife. Baƙar rigarsa ta kotu guda ɗaya ce, sau biyu ina kama masa hammatarta. Ya karanta takardata ya ce, "Inna, da wannan ko barci kike za ki ci shari'a. Bar mini ita a nan, gida ba wurin ajiye irinta ba ne." Ya sa ta a fayil, ya rubuta abin da ya ce sunana ne. Na duba na ga fayil ɗin duk iri ɗaya ne, rubutu kuwa duk ɗaya ne a idona. Washegari na ɗinko koren ƙyalle na ɗaure nawa da hannuna. Har dariya ya yi mini.

Daga nan aka fara kiransa a rediyo yana amsa tambayoyi. Bakinsa da zaƙi, wannan ba zan hana shi ba. Daga rediyo sai talabijin. Ranar shari'ata sai ya aiko wani ya nemi a ɗaga, a ɗaga, a sake ɗagawa. Wata rana na hau benen na tarar an mai da ofishin wurin aski. Da ƙyar na tare shi a bakin mota, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, rufi ya yi yoyo, ruwa ya lalata fayil ɗin duka." Ya ja gilashi. Ƙanin mijina a lokacin ciwo ya kwantar da shi, magana ta lafa, na ci gaba da zama a gidana da fargaba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Bana ya warke sarai, ya samo mai saye, ya tayar da shari'ar. Shaidun nan biyu duk sun rasu. Wata ƙaramar lauya ce ta karɓi maganata, yarinya mai ƙoƙari, amma abin da ke hannunmu kwafi ne da ya koɗe, yatsan maigidana ya zama kamar ɗigon shayi. Alƙali ya ce ranar Alhamis ita ce ta ƙarshe: ko in kawo takardar asali, ko ya yanke hukunci da abin da ke gabansa. Mai sayen har ya turo an auna ƙofar gidana da igiya ina zaune ina kallo.

Na kira ƙaramar lauyar a daren, tun ba a yi isha ba. Ta ce za ta rubuta masa wasiƙa, in ya ƙi a nemi kotu ta tilasta shi.

Na ce, "Kwana nawa?"

Ta ce, "Sati biyu, in an yi sauri."

"Alhamis gata ce, 'yar nan. Rubuta wasiƙarki, ni zan je da ƙafata."

Talata na wuni a bakin gidan talabijin ɗin. Maigadi ya ce Barista ba ya ganin kowa sai da alƙawari. Na ce a gaya masa tela ce mai kama hammata. Ya shiga ya fito ya ce ba ya nan, alhali ga motarsa a inuwa direba yana goge ta. Da ya ga ba ni da niyyar tashi, kuma rana ta fara gasa ni, sai ya rage murya ya ce, "Baba, ni ban gaya miki ba. Gobe Laraba akwai shiri, ana shigar da 'yan kallo mutum talatin. Amma sai an tace tambayarki. In suka ji ƙorafi ne a kansa, ko ƙofa ba za ki gani ba."

Laraba tun azahar muna layi ni da 'yata. Wata mata mai abin magana maƙale a kunne tana bin mutane ɗaya bayan ɗaya da kati da biro. Da ta zo kaina ta ce, "Mama, mece ce tambayarki?"

Na yi kalar tausayi na ce, "Maƙwabcina ne ya juyo da bututun ruwansa cikin gidana."

"Kyakkyawa! Irin wadda Barista yake so. Ke ce ta uku. In an miƙo miki makirufo ki faɗe ta yadda kika faɗa mini, kada ki ƙara kada ki rage. In jar fitilar can ta kama, duniya tana kallonki."

'Yata ta matse mini hannu ta ce a kunnena, "Inna, ƙarya fa kika yi."

"Ta kwana ɗaya ce. Tasa ta shekara goma sha ɗaya."

Ɗakin shirin sanyi kamar cikin firji, ga fitilu a sama suna ƙona ido, ga wayoyi a ƙasa kamar macizai. Abin da ya ba ni mamaki, ofishin nan da ake gani a talabijin bango biyu ne kawai na katako, an tokare su ta baya da buhunan yashi. Tagar ma zane ce. Amma kantar ta gaskiya ce, fayil-fayil ɗin ma na gaskiya ne. Ga nawa can, taku goma tsakanina da shi. Ƙyallen ya yi ƙura, ya dushe, amma shi ne.

Ya shigo ana shafa masa hoda a goshi. Aka ce mu tafa, muka tafa. Jar fitila ta kama. Ya yi gaisuwarsa, ya amsa wa wani mai rigimar haya, ya amsa wa wata da aka kora daga aiki. Yana magana yana juya kujera, kowane juyi kafaɗarsa tana rufe ƙyallena tana buɗewa. Sai na ga makirufo a gabana.

Ya duba katinsa ya yi murmushi. "Mamanmu, an ce maƙwabci ya dame ki da ruwa."

Na miƙe. "Ruwa dai ya dame ni, Lauya. Wanda ka ce ya cinye mini takarda."

Murmushin bai tafi ba, amma idonsa ya tsaya.

"Ka gane ni? Ni ce matar da ta kawo maka takardar gidanta a saman shagon masu faci. Ka ce rufi ya yi yoyo. To juya ka dubi bayanka. Wancan mai koren ƙyallen, wane ruwa ne ya cinye shi?"

Bai juya ba. Mai kamara ne ya juya, na ga ƙyallena ya cika wani ƙaramin talabijin da ke gefe. Matar mai abin kunne tana ta yanka iska da hannu. Shi kuwa ya ce da muryarsa mai santsi, "Za mu je talla, mu dawo." Jar fitila ta mutu.

Kafin in ƙifta ido mutum biyu sun tsaya a kaina. Matar ta fizge makirufo tana cewa, "Haba Mama! Ba haka muka yi da ke ba."

Na ce, "Duk wanda ya taɓa ni zan kwanta a ƙasan nan, sai dai ku ɗauke ni a gaban mutane."

Wani dattijo a bayana ya ce, "Ku bar ta mana. Ba shirin haƙƙi ba ne?" Na waiga na ga wayoyi sun fi goma a sama, duk suna ɗauka. Lauyan ma ya gani. Ya taso ya zo har gabana, ƙamshin turarensa kamar zai kayar da ni, ya sunkuyo ya rage murya.

"Inna, wallahi ban sani ba. Da na rufe ofis kwalaye aka kwaso, masu shirya ɗaki suka ce suna son tsofaffin fayil don ado. Ban taɓa dubawa ba."

"Shekara nawa kana zama a gabansa?"

"Ba na kallon baya, kamara nake kallo."

"Wannan kam na yarda. To ruwan fa? Shi ma masu ado ne suka ce ka faɗa?"

Ya ce, "Ki zauna a gama shirin, mu shiga ofis, ni da ke, a yi magana ta mutunci."

"Na taɓa shiga ofishinka, ga inda ya kai ni. Gobe ƙarfe tara alƙali zai raba ni da gidana. A nan za ka ba ni, yanzu."

Matar ta ce, "Saura daƙiƙa arba'in, Barista."

Na ce, "In fitilar can ta kama ban ga takardata ba, ba na buƙatar makirufonku. Muryata ta isa."

Na ga yana lissafi, idonsa yana zuwa kan wayoyin nan yana dawowa kaina. Sai ya miƙe, ya gyara kwat, ya ce wa matar, "Kawo mata kujera nan kusa da ni." Ya koma mazauninsa, aka sake shafa masa hoda. Da fitila ta kama sai ga murmushi ya dawo sabo fil.

"Masu kallo, yau Allah ya kawo mu wata rana ta musamman. Wannan baiwar Allah tana cikin mutanen farko da na fara yi wa aiki, kuma yanzu a gabanku za mu mayar mata da amanarta."

Amana! Na cije leɓe na ƙyale shi, don takarda na zo ɗauka. Ya tashi ya kama fayil ɗin ya ja. Bai fito ba. Ya sake ja da hannu biyu, kantar gaba ɗaya ta yi girgiza, bangon katakon ya yi baya kamar zai faɗi. Wani daga cikin ma'aikata ya ce daga gefe, "Barista, a ɗaure suke. Kafinta ya zura musu rodi."

Ashe da suka jera fayil ɗin sun yi ta zubowa, sai kafinta ya sa injin huda ya huda su duka daga wannan gefe zuwa wancan, ya zura ƙarfe ya ɗaure da noti. Takardun mutane, gidajensu da gonakinsu da aurensu, an tsire su a ƙarfe guda.

Na ce, "Huda? Ta ina ya huda?"

Aka nemo sifana don kwance notin. Notin ya yi tsatsa, mutum biyu suna murɗawa yana ƙara, shi kuma Lauya yana ta cika iska da surutu kan muhimmancin ajiye takardu, gumi yana tsattsafowa ta cikin hodar. Ni ban ji ko kalma ɗaya ba. Rodin nake kallo yana fitowa a hankali, fayil suna zubewa ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Da nawa ya fito ban bari ya taɓa ba. Na ɗauka, na kwance ƙullin da na yi da hannuna shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Takardar tana ciki, ta yi ruwan ƙasa, a bushe ƙamas, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Ramin kuwa, mai faɗin kwabo, ya bi ta ƙasan takardar, ya cinye rabin yatsan maigidana. Wannan ba sai an karanta mini ba.

'Yata ta riga ta kira ƙaramar lauyar, ashe ita ma tana kallo. Ta miƙo mini wayar. Ta ce, "Inna, ki saurare ni da kyau. Za su ce an lalata takardar da gangan, ko su ce ba ita ba ce. Sai wanda ya karɓe ta tana lafiya ya zo ya rantse cewa ita ce, ya faɗi yadda aka yi ta huje. Kada ki bar wurin nan bai ce zai zo ba."

Lauyan ya riga ya buɗe hannu yana cewa, "To jama'a, a tafa wa Mama—"

Na ɗaga takardar saitin kamara, na leƙa ta cikin ramin. Na ce, "Kada wanda ya tafa. Ku dubi nan. Nan yatsan mijina yake, an huda shi don a yi wa wannan mutumin ado. Lauya, gobe ƙarfe tara, kotu ta biyu. Za ka zo ka gaya wa alƙali inda takardar nan ta kwana shekara goma sha ɗaya, ko ba za ka zo ba?"

"Inna, irin wannan sai an duba tsarin—"

"Eh ko a'a. Kai kake cewa mutane su ba da amsa a taƙaice."

Wani ya tuntsire da dariya a cikin 'yan kallo. Jar fitilar tana nan a kunne. Ya dubi matar mai abin kunne, ta kawar da kai.

Ya ce, "Zan zo."

Alhamis tun takwas muna kan bencin kotu. Ƙanin mijina yana can gefe da mai sayensa, ko gaisuwa ba mu yi ba. Tara ta yi. Tara da kwata aka kira shari'armu. Ƙaramar lauyar ta miƙa takardar, lauyansu ya ɗaga ta sama ya leƙa ta ramin kamar yadda na yi, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai tsumma ce. Wa ya san inda aka samo ta?" Alƙali ya tambayi shaidarmu. Ƙaramar lauyar ta waiga ƙofa. Ni ma na waiga. Babu kowa sai ɗan sanda yana hamma.

Alƙali ya ce zai ba da minti goma, ba zai ƙara ba. Ya ci gaba da rubutunsa. Agogon bangon kotun irin mai ƙara ne, ina jin kowane taku a cikin haƙorina. 'Yata tana ta kiran lambar gidan talabijin ba a ɗauka. Ƙanin mijina ya miƙe ƙafa ya fara kaɗa ta.

Saura minti biyu muka ji hayaniya a waje. Shi ne, da mai kamara a bayansa. Ɗan sanda ya tare mai kamarar ya ce nan ba a shiga da ita. Lauyan ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi kamararsa, ya dubi cikin kotun. Na ɗauka zai juya. Sai ya shigo shi kaɗai.

Ba hoda, ba fitila, ashe ya tsufa shi ma. Aka sa shi a akwatin shaida, ya rantse. Ya ce takardar ita ce, shi ya karɓe ta da hannunsa, yatsan yana nan cikakke a lokacin. Alƙali ya cire tabarau ya ce, "To ina take tun daga lokacin?"

Ya faɗi wani abu can ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Ba mu ji ba."

Alƙali ya harare ni ya ce in yi shiru, sannan ya juya gare shi. "Amma ni ma ban ji ba. Ɗaga murya, ai ka iya."

"Tana bayana, ranka ya daɗe. A kan kantar ɗakin shiri."

"Kuma me ka gaya wa mai ita?"

Ya ce, "Na ce mata ruwa ya lalata ta."

Alƙali ya rubuta, ya daɗe yana rubutu. Ya karɓi takardar a matsayin shaida, ya ce rabin yatsan da ya rage a kai wa masu bincike su gwada da na tsohon katin aikin maigidana, kuma kafin nan kada wanda ya sake zuwa ƙofar gidana da igiyar awo. Mai sayen ya tashi ya fita tun ba a rufe zaman ba, ƙanin mijina yana binsa yana kira.

A waje Lauyan ya tare ni, mai kamara yana gefensa. Ya ce, "Inna, ki yafe mini. Ko kalma ɗaya ki faɗa wa masu kallo."

Na ce, "Fayil nawa suka zube a ƙasa jiya?"

Ya dubi mai kamararsa.

"Na ƙirga, arba'in da ɗaya, ban da nawa. Masu su ba su ɗaura ƙyalle ba. Ka je ka karanta sunayensu a shirinka, tunda kai ka iya karatu. In ka gama ka zo mu yi maganar yafiya."

Bayan sati uku sakamako ya fito, yatsan na maigidana ne, alƙali ya tabbatar mini da gidana. Takardar tana wurin ajiyar kotu, sun ba ni kwafi mai hatimi. Ƙyallen na wanke shi na ɗaure kwafin da shi, na sa a ƙarƙashin keken ɗinkina. 'Yata ta ce ya fara karanta sunayen, biyar-biyar a ƙarshen kowane shiri, kuma an cire kantar an sa tukunyar fure. Ban kalla ba. Na ce mata ta riƙa ƙirgawa, in ya kai arba'in da ɗaya ta gaya mini.